Tallafin Gwamnati ga Ƙananan Sana'o'i: Bayani daga Kasuwannin Fagge da Sabon Gari

Gabatarwa

Jihar Kano ta yi suna da kasuwanci tun kafin a zana iyakokin Nijeriya, kuma har yanzu da wuya a sami gidan da ba a yin wata sana'a a cikinsa, ko a birni ko a ƙauye. Saboda haka duk lokacin da aka sanar da wani shirin tallafa wa masu ƙaramin jari, jama'a kan yi tururuwa zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma ko ƙofar gidan kansila, wasu su dace, da yawa kuma su koma gida ba tare da sanin dalilin da ya hana su samu ba. Mun shirya wannan bayani ne domin mazauna karkara da jami'an da ke hulɗa da su, wato kansiloli da ma'aikatan ƙananan hukumomi da dagatai da masu unguwanni, su san ire-iren tallafin da ake da su, da hukumomin da ke bayar da su, da kuma abin da ake buƙata daga mai nema.

Mun ɗauki misalanmu daga Fagge da Sabon Gari, saboda a nan ne ake sarin mafi yawan kayan da ake kasawa a kasuwannin ƙauyukanmu, kuma a nan ne aka fi ganin inda taimakon gwamnati ya yi amfani da inda ya gaza. Abin da waɗannan kasuwanni suke koya mana shi ne, cinikinmu a kan amana aka gina shi, amma banki da hukuma ba sa iya ganin amanar mutum sai an rubuta ta. Wanda ya mayar da amanarsa takarda, shi tallafi yake iskewa.

Abin da ake nufi da ƙaramar sana'a

Tsarin ƙasa na ƙananan sana'o'i ya kasa su ne bisa yawan ma'aikata da ƙimar kadara. Sana'ar da ma'aikatanta ba su kai 10 ba ita ce ta matakin farko, kuma a nan ne mai tireda da tela da mai injin niƙa da mai ƙuli-ƙuli suke. Wadda ke da ma'aikata 10 zuwa 49 ita ce ƙarama, wadda ke da 50 zuwa 199 kuwa matsakaiciya. Binciken da Hukumar Bunƙasa Ƙanana da Matsakaitan Sana'o'i, wato SMEDAN, ta gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2021 ya nuna akwai irin waɗannan sana'o'i kimanin miliyan 39.6 a Nijeriya, kuma su ke samar da kusan kashi 46 cikin ɗari na tattalin arzikin ƙasa. Mafi yawansu na matakin farko ne, ba su da rajista, ba su kuma taɓa karɓar rancen banki ba.

Sanin wannan rabe-rabe yana da amfani, domin kowane shiri da matakin da aka yi shi dominsa. Mai neman naira dubu 50 ta sayen gyaɗa da mai neman naira miliyan 50 ta sayen injin casar shinkafa ba ƙofa ɗaya za su ƙwanƙwasa ba.

Asalin kasuwancin Fagge da Sabon Gari

Fagge tsohon zango ne a bayan ganuwar birni, inda ayarin Buzaye da fataken arewa kan sauke raƙumansu kafin su shiga da kaya Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, sai harkar ciniki ta fara karkata daga cikin birni zuwa waje. Cinikin gyaɗa ya buɗe daga 1912, kamfanonin Turawa suka kafa kantuna kusa da tashar jirgi, kuma attajirai irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, suka zama manyan masu sayen gyaɗa daga hannun manoma. A daidai wannan lokaci, wajen 1913, aka yanka Sabon Gari domin ma'aikatan jirgi da akawuna da 'yan kasuwar da suka zo daga kudu. Larabawan Sham da Labanan, waɗanda Kanawa ke kira Kwarori, suka zauna a gefen Fagge suna sayar da yadi.

A yau duk waɗannan wurare suna cikin Ƙaramar Hukumar Fagge. A Kantin Kwari ake sarin atamfa da shadda da leshi da yadi, kuma masu saye na zuwa daga Nijar da Cadi da Kamaru. Kasuwar Singa ita ce cibiyar kayan masarufi irin su sukari da fulawa da taliya da sabulu. Kasuwar Sabon Gari, wadda ke ɗauke da sunan Muhammadu Abubakar Rimi, gwamnan farar hula na farko na jihar daga 1979 zuwa 1983, babu abin da ba a samu a cikinta. A Wapa kuwa 'yan canji suke. Mai shago a Rano ko Gaya ko Ɗambatta ko Ƙaraye, idan ya bi sawun kayan da ke kan kantarsa, mafi yawa zai tarar daga ɗaya daga cikin waɗannan kasuwanni suka fito. Haka nan shinkafar Kura da tumatirin Kadawa da hulunan da matan ƙauye ke ɗinkawa suna samun masu saye a nan. Don haka lafiyar kasuwannin Fagge lafiyar kasuwar ƙauye ce.

Yadda jari yake zagayawa tun kafin banki

Kafin gwamnati ta fara maganar rance, 'yan kasuwa suna da hanyoyinsu na samar da jari, kuma har yanzu su ne suka fi ɗaukar nauyin ciniki. Akwai tsarin ubangida da yaron shago, inda yaro zai yi shekaru yana koyon kaya da farashi da halin masu saye, daga baya ubangidansa ya sallame shi da jari ko ya buɗe masa shago. 'Yan kasuwar Ibo na Sabon Gari suna da irin wannan al'ada, kuma ta fitar da masu shaguna da yawa. Akwai bashin kaya, inda ɗan sari zai ba ɗan kiri dila ko katan, ya tafi ƙauye ya sayar, ya dawo da kuɗin uwa ya riƙe riba. Akwai adashi, wanda mata suka fi riƙo da shi. Akwai kuma dillali da fatoma, waɗanda ke tsaya wa baƙo a gaban mutanen da ba su san shi ba.

Duk waɗannan hanyoyi a kan sanayya suke tafiya, kuma iyakarsu ke nan. Wanda ba shi da ubangida ko dangi a kasuwa yana iya shekara goma da basirarsa bai sami mai ba shi kaya ba. Bashin kaya ba ya sayen inji, adashi kuma ba ya wuce ƙarfin masu zubi. Sannan idan gobara ta tashi, ubangida da yaronsa da wanda ke bin su bashi duk tare suke faɗuwa. Waɗannan giɓi su ne aikin gwamnati ya kamata ya cike.

Taƙaitaccen tarihin shirye-shiryen Gwamnatin Tarayya

An daɗe ana wannan ƙoƙari, kuma sunayen hukumomi sun sha canzawa, abin da kan rikita jama'a. A ɓangaren masana'antu, an kafa bankin raya masana'antu na NIDB a 1964, da bankin ciniki da masana'antu na NBCI a 1973, da asusun NERFUND a 1989, sannan aka haɗe su a 2001 suka zama Bankin Masana'antu. A ɓangaren noma, an kafa bankin manoma a Kaduna a 1973, aka haɗe shi da Bankin Jama'a na 1989 da shirin FEAP a 2000, kuma tun 2010 ake kiransa da sunan da yake da shi yanzu, wato BOA. A 1977 aka kafa asusun lamunin rancen noma, wanda ke ɗaukar wa banki har kashi 75 cikin ɗari na abin da ya maƙale idan manomi ya kasa biya.

Da matsin tattalin arziki ya tsananta, an kafa Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, wato NDE, a 1986, domin koya wa matasa sana'a a hannun ƙwararru. Bankunan al'umma sun fara a 1990, kuma tsarin da Babban Bankin Nijeriya ya fitar a watan Disamba na 2005 ya mayar da su ƙananan bankunan ba da rance. Wannan tunani ya sami ƙarfi ne daga abin da aka gani a Bangaladash, inda Bankin Grameen, wanda aka kafa a 1983, ya nuna cewa matan karkara marasa jingina suna biyan bashi idan aka ba su a ƙungiyance. An kafa SMEDAN da dokar 2003.

Daga baya an sami asusun naira biliyan 220 na Babban Banki a 2013, wanda aka ware wa mata kashi 60 cikin ɗari nasa. An ƙaddamar da shirin rancen manoma na Anchor Borrowers a Jihar Kebbi a watan Nuwamba na 2015. A 2018 aka fara TraderMoni, mai ba 'yan tebur naira dubu 10 ba tare da jingina ba, da sharaɗin wanda ya biya cikin wata shida zai sami abin da ya fi haka. A 2020, lokacin annobar korona, an ware naira biliyan 75 domin ceto ƙananan sana'o'i, har da yi wa sana'o'i 250,000 rajista kyauta. Bayan cire tallafin man fetur a 2023, an fito da shirin kyautar naira dubu 50 ga masu ƙaramin jari da kuma rance mai sauƙin ruwa ta hannun Bankin Masana'antu. Wajibi ne jami'ai su lura cewa daga ƙarshen 2023 Babban Banki ya sanar da janye hannunsa daga bayar da irin waɗannan rance kai tsaye, saboda haka bai kamata a riƙa tura jama'a neman tsofaffin shirye-shiryensa ba.

Ƙoƙarin Gwamnatin Jiha

A matakin jiha, an fi mayar da hankali ga koyar da sana'a da kusanto da banki ga jama'a. A 2003 aka kafa Hukumar Zakka da Hubusi, wadda cikin ayyukanta akwai ba mabuƙata jari. Tsakanin 2011 da 2015 an buɗe makarantun koyon sana'a a sassan jihar, kamar ta kiwon kifi a Bagauda da ta kwamfuta a Kura da ta koyon dabarun kasuwanci a Dawakin Tofa, kuma a 2013 aka sami lasisin ƙananan bankuna 37 domin ƙananan hukumomi. A watan Janairu na 2023 aka buɗe cibiyar koyon sana'o'i mai ɗauke da sunan Aliko Ɗangote a kan titin Zariya, aka kuma buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki, domin 'yan kasuwa su riƙa karɓar kwantenoninsu a Kano maimakon Legas. A 2024 aka fara raba naira dubu 50 ga mata 5,200 a kowane zagaye, daga ƙananan hukumomi 44 na jihar. Rajistar ƙungiyoyin gama-kai kuwa aikin gwamnatin jiha ne, kuma jami'an gama-kai na ƙananan hukumomi su ne matakin farko.

Ire-iren tallafi

Idan aka tattara waɗannan shirye-shirye, za a ga iri biyar ne, kuma rashin bambance su ya jawo asara mai yawa.

Na farko shi ne horo, kamar na NDE da SMEDAN da makarantun jiha. Wani lokaci akan haɗa da kayan aiki, irin su keken ɗinki ko injin walda.

Na biyu shi ne kyauta, wadda ba a biya. Kuɗinta kaɗan ne, kuma ba kullum ake samunta ba.

Na uku shi ne rance, wanda dole a biya ko da gwamnati ce ta samar da kuɗin. Bankin Masana'antu ya fi karkata ga masu sarrafa kaya, kamar masu casar shinkafa da matsar man gyaɗa da jima da ɗinki. BOA na manoma ne da makiyaya. Bankin Raya Ƙasa na DBN, wanda ya fara aiki a 2017, ba ya ba mutum kai tsaye, sai ta hannun bankunan kasuwanci da ƙananan bankuna.

Na huɗu shi ne sauƙin doka da haraji. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa kamfani shi kaɗai. Dokar kuɗi ta 2019 ta yafe harajin riba ga kamfanin da cinikinsa a shekara bai wuce naira miliyan 25 ba, kuma sabuwar dokar haraji ta 2025, wadda ta fara aiki a watan Janairu na 2026, ta ɗaga wannan iyaka, ta kuma yafe haraji a kan naira 800,000 na farko na kuɗin shigar mutum a shekara.

Na biyar shi ne gyaran wurin sana'a, wato wuta da ruwa da hanya da magudanai da motar kashe gobara. Wannan ba ya shiga aljihun kowa, amma ya fi sauran yawan masu amfana. Misali, a 2018 hukumar samar da lantarki a karkara ta REA ta fara wani shiri na haɗa shagunan Kasuwar Sabon Gari da wuta mai amfani da hasken rana, domin rage kuɗin mai da haɗarin janareta a cikin rumfuna.

Rance marar kuɗin ruwa

Mun san cewa jama'a da yawa suna gudun banki ne saboda riba, kuma wannan ya sa shirye-shirye masu yawa suka wuce mutanenmu. Yanzu akwai mafita. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 da rassa a Abuja da Kaduna da Kano, TAJBank ya biyo baya a 2019, sai Lotus a 2021, kuma wasu bankunan kasuwanci suna da sashen da ba ya ta'ammali da kuɗin ruwa. Hanyoyin da suke bi ba baƙi ba ne ga ɗan kasuwar Kwari. A murabaha, banki ne ke sayen kayan ya sayar wa mai nema da ribar da aka yi ittifaƙi a kanta, a biya kaɗan-kaɗan. A mudaraba, ɗaya ya kawo jari ɗaya ya kawo aiki, a raba riba, kamar yadda ubangida da yaronsa suka saba. A ijara, banki ya sayi inji ya ba da shi haya. Haka nan akwai inshorar Musulunci da ake kira takaful, wadda hukumar kula da inshora ta fitar da ƙa'idojinta a 2013, inda masu shiga ke zuba kuɗi domin taimaka wa wanda asara ta faɗa wa a cikinsu. Sai dai su ma waɗannan bankuna suna neman shaida da takardu kamar kowane banki.

Abin da ke hana tallafi isa ga masu shi

Babban cikas shi ne rashin rubutu. A Kantin Kwari akwai wanda ke juya miliyoyin naira a mako, amma babu littafin da zai nuna haka, shagon haya ne, kuɗin kuma ba ya bi ta asusu. A gaban 'yan'uwansa 'yan kasuwa maganarsa ta isa, a gaban banki kuwa tamkar bai taɓa ciniki ba. Manomi ma haka, gonar gado ce, kowa a ƙauye ya san tasa ce, amma ba shi da takardar mallaka.

Illar wannan ta fito fili a watan Maris na 2016, lokacin da gobara ta cinye shaguna kimanin 3,800 a Kasuwar Sabon Gari, 'yan makonni bayan wata ta tashi a Singa. Haka kuma a watan Agusta na 2022 ambaliya ta shiga Kantin Kwari ta lalata yadi mai tarin yawa. A irin wannan hali gwamnati kan kafa kwamiti, masu hali su ba da gudummawa, amma sai a tsaya a kan tambaya ɗaya: wa ya yi asarar me? Mai shago yana da takarda, ɗan haya da ɗan tebur da wanda ya ajiye kaya a rumfar wani ba su da ita, alhali kayan nasu ne suka ƙone. Wanda yake cikin rajistar ƙungiya, yana da rasit na sari da littafin kaya, shi ake iya tantancewa. Wanda kuma yake da inshora ba sai ya jira kwamiti ba.

Cikas na biyu shi ne ɗaukar rancen gwamnati a matsayin rabon ganima. A shirin Anchor Borrowers an ba da sama da naira tiriliyan ɗaya, kuma a 2023 Babban Banki da kansa ya bayyana cewa abin da aka biya kimanin rabi ne. Wanda ya ci bashi ya ƙi biya, ƙaninsa da maƙwabcinsa ya rufe wa ƙofa, domin kuɗin da zai dawo shi za a ba na baya. Ya kuma cuci kansa, saboda dokar bayanan masu cin bashi ta 2017 ta sa bankuna suna musayar sunayen waɗanda suka ƙi biya, kuma tun 2020 banki na iya cire kuɗinsa daga asusun mutum da ke wani banki ta hanyar lambar BVN.

Cikas na uku shi ne 'yan tsakani da 'yan damfara, masu sayar da fom ko neman kaso kafin su sa sunan mutum. Na huɗu kuma shi ne rashin bin ƙa'idar sana'a tun da wuri. Masu sarin magunguna na Sabon Gari sun ga haka a watan Fabrairu na 2024, lokacin da hukumomin kula da magunguna suka rufe shaguna masu yawa bayan hukuncin kotu, aka umarce su da komawa cibiyar da aka gina musu a Ɗangwauro. Duk mai sarrafa abinci ko abin sha ko sabulu ko man shafawa domin sayarwa a cikin leda ko kwalba, ya nemi rajistar NAFDAC kafin jarinsa ya yi nauyi.

Matakan da mai sana'a zai bi

Muna ba mai sana'a shawarar ya shirya kansa tun kafin a sanar da wani shiri, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

1. Ya mallaki lambar NIN da ta BVN, ya tabbata sunansa da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a duka biyun. Saɓanin harafi ɗaya ya hana mutane da yawa samun kuɗin da aka riga aka amince musu.

2. Ya buɗe asusu, ya riƙa shigar da kuɗin ciniki ta cikinsa, ko da zai cire washegari. Bayanin asusu na wata shida ko shekara shaida ce da banki ke karɓa.

3. Ya sayi littafi ya riƙa rubuta abin da ya saro da abin da ya sayar da wanda yake bi da wanda ke bin sa, da boko ko da ajami. Wanda bai iya rubutu ba ya sa ɗansa ɗan makaranta. Ya raba kuɗin cefane da kuɗin jari.

4. Ya shiga ƙungiyar gama-kai ko ta masu sana'arsa mai rajista. Ƙungiya ce ke maye gurbin jingina ga wanda ba shi da gida ko fili. Mata masu adashi suna iya yi wa adashinsu rajista, littafin zubi ya zama shaidarsu.

5. Idan sana'ar ta fara girma, ya yi rajistar sunanta a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC. Ta intanet ake yi, kuma ya karɓi shaidar da hannunsa.

6. Ya san cewa dokar jingina da kayan da ake iya ɗauka ta 2017 ta amince a jinginar da inji ko babur ko dabbobi ko amfanin gona, a rubuta su a rajistar jingina ta ƙasa.

7. Kafin ya sa hannu, ya tambayi jimillar abin da zai biya, da ranar fara biya, da abin da zai faru idan ya makara. Kada ya ba kowa lambar sirrin katinsa ko lambar da banki ya turo masa ta waya.

Nauyin da ke kan jami'ai da masu sarauta

Kundin tsarin mulki ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da lasisin shaguna, don haka ƙaramar hukuma ce gwamnatin da ɗan kasuwa ya fi haɗuwa da ita. Tallafi mafi sauƙi da za ta yi masa shi ne ta karɓi abin da doka ta ce kawai, ta ba shi rasit. Dokar 1998 ta lissafa harajin da kowane mataki na gwamnati zai karɓa, ta kuma haramta tare hanya domin karɓar haraji. Rasit ɗin da ɗan kasuwa ya tara shi ma shaida ce ta daɗewarsa a sana'a.

Haka zalika, muna kira ga kowace ƙaramar hukuma ta ajiye rajistar masu sana'a ta kowace mazaɓa da kowace kasuwa, da sunan mai shago da na ɗan haya da na ɗan tebur, a riƙa sabunta ta tun babu wani rabo a gaba. Jerin sunayen da aka haɗa cikin dare ɗaya saboda an ji kuɗi na tafe, ba ya rasa son kai. A ƙarƙashin dokar filaye ta 1978, ƙaramar hukuma tana da ikon ba da takardar mallakar gargajiya a kan filin karkara, kuma sauƙaƙa wannan hanya taimako ne babba ga manomi. Dagatai da masu unguwanni kuwa, sa hannunsu shaida ce, kada su tsaya wa wanda ba su san sana'arsa ba, kada kuma su hana wanda ya cancanta saboda bambancin siyasa. A bayyana wa jama'a a fili, a masallaci da coci da ranar kasuwa da gidan rediyo, ko shirin kyauta ne ko rance. Bayan an raba kuma a bi sawu, domin keken ɗinkin da aka ba matashi ranar Litinin, aka gan shi a kasuwa ranar Juma'a, bai samar wa kowa aiki ba.

Kammalawa

Fagge da Sabon Gari sun kai inda suke ne saboda an sami hanyar kawo kaya, aka sami wurin kasa su, aka kuma sami mutanen da idan aka ba su bashi suna biya. Hanya da wuri da wuta da doka mai sauƙi nauyin gwamnati ne. Riƙon amana da rubuta ta nauyin mai sana'a ne. Haɗa su biyun kuma aikin jami'in da ke zaune kusa da jama'a ne. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi jami'in gama-kai ko jami'in ci gaban al'umma na ƙaramar hukumarsa, ko ofishin SMEDAN da NDE da Bankin Masana'antu da BOA da ke Kano, ya je da kansa tare da takardunsa.

Allah Ya sa albarka a cikin nemanmu, Ya kiyaye kasuwanninmu daga gobara da ambaliya, Ya ba jiharmu da ƙasarmu zaman lafiya da yalwar arziki, amin.